Nomau Masinja a Ajin Dogon Turanci

A garin Marken Tudu an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Masinja ne a ɗakin shan magani na garin, shekara goma sha tara yana wannan aiki da kekensa. Gidansa yana bayan kasuwa, ɗaki uku da rumbu ɗaya. Yana zaune da matarsa Tabawa, mai sana'ar daddawa, da mahaifiyarsa Iya Yalwa, wadda tsufa ya rage mata ji amma bai rage mata baki ba. Nomau ba ya ƙarya, ba ya makara, bai taɓa ɓatar da takardar kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakin mai ita, haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. An taɓa ba shi wasiƙa aka ce ya sa ta a hannun wani babban ma'aikaci a sakatariya. Ya je ya tarar mutumin ya yi tafiya. Akawu ya ce ya kawo a ajiye masa, Nomau ya ce hannu aka ce, ba tebur ba. Kwana uku ya yi a barandar ofis har mai hannun ya dawo.

Ana nan sai takarda ta fito daga ƙaramar hukuma, cewa duk ƙananan ma'aikata, masinjoji da masu gadi da masu shara, za su rubuta jarrabawar Turanci nan da wata uku. Wanda ya ci ya ci gaba da aikinsa, wanda ya faɗi a sallame shi. Nomau ya yi firamare tun zamanin da, yana iya karanta adireshi, yana iya gaida baƙo da Turanci. Amma an ce wannan jarrabawa ta dogon Turanci ce, irin wanda jimla ɗaya takan cinye layi huɗu. Tabawa ta ce masa, "In aka sallame ka, daddawa ba za ta riƙe mutum uku ba." Sai ya shiga ajin Malam Haladu, wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, ya buɗe karatu a zauren gidansa bayan la'asar. Su bakwai ne a ajin, duk magidanta. Al'adar Malam Haladu ita ce ya rubuta Turanci a allo, sannan ya yi bayani da Hausa don a gane. Da a Turancin ya tsaya, da wataƙila an zauna lafiya.

Wata rana Malam Haladu ya ce, "Doguwar jimlar Turanci ganga biyu ce ko fiye. Akwai ganga tsayayya, mai iya tsayuwa da kanta. Akwai ganga dogarau, wadda sai ta jingina da 'yar'uwarta. Gobe kowa ya zo min da guda biyu, tsayayya da dogarau." Ganga dai a bakin masu nahawu ɓangaren jimla take nufi. Sauran ɗalibai suka tafi neman misali a littafi. Nomau ya wuce gidan Sarkin Makaɗa ya roƙi aron ganguna biyu. Washegari ya ɗaure su a bayan keke ya bi ta tsakiyar kasuwa. Hanya duk gargada ce, gangunan suka yi ta bugun juna suna kiɗa da kansu. Mutane suka ɗauka dambe za a yi, suka bar rumfuna suka biyo shi, har wani mahauci ya fara naɗe hannu. Nomau ya shiga zaure, ya tsayar da ɗaya a ƙasa, ya jingina ɗayar da ita.

"Malam, ga aikin gida."

Malam Haladu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "To, ɗauke tsayayyar mu gani."

Nomau ya ɗauke. Dogarau ta faɗi, ta gangara waje, ta daki turken jaki, fatarta ta yage.

Malam ya juya wajen ɗalibai ya ce, "Abin da ke samun jimla ke nan." Ajin bai taɓa gane darasi kamar na ranar ba. Shi kuwa Sarkin Makaɗa bai gane komai ba, sai da Tabawa ta aika masa da fatar bunsurun da suka yanka da Sallah.

Wata rana Malam ya duba rubutun Nomau ya ga shafi guda jimla ɗaya ce, ta taso daga sama ta sauka ƙasa ba ta huta ba. Ya ce, "Nomau, Bature ma yana numfashi. Duk inda jimla ta ƙare ka sa mata aya." Nomau ya biya wajen mai tallar aya da dabino ya auni rabin gwangwani, ya jiƙa ƙaro, ya zauna a tsakar gida. Duk inda ya ga kamar jimla ta ƙare, sai ya ɗiga ƙaro ya manna aya guda. Iya Yalwa tana kallonsa ta ce, "Bokon yanzu har da ci ake yi?" Ya ce, "A'a Iya, wannan ta tsayawa ce." Littafi ya ƙi rufuwa, ya ɗora shi a buɗe a kan faifai ya kai aji. Malam Haladu ya karɓa, ya fara bi layi-layi. Inda ya ga aya ta zauna a wurin da bai dace ba, sai ya ɓamɓare ta ya jefa baki. Ya ci goma sha ɗaya, ya bar shida. Ya ce, "Waɗannan shidan daidai ne. Amma gobe ka yi da biro, haƙorana ba kamar da ba ne." Nomau ya koma gida ya gaya wa Tabawa cewa Malam mutumin kirki ne, ko kuskuren ɗalibi ba ya bari ya lalace. Shidan da suka rage ɓera ya yi maganinsu, ya haɗa da rabin shafin.

Wata rana aka shiga darasin "wanda" da "wadda". Malam ya ce a dogon Turanci ba a sakin suna haka nan, sai a bi shi da bayanin da zai raba shi da waninsa, sannan a zo kan abin da ya aikata. Washegari da hantsi Tabawa ta shanya kalwar da za ta yi daddawa a bayan ɗaki, ta koma tsakar gida tana daka. Nomau ya zagayo daga bayan ɗakin, ya tsaya a gabanta, ya gyara murya.

"Tabawa, akuyar Sidi, wanda yake maƙwabcinmu, wanda ya auri ƙanwar mai gyaran rediyo, wanda shagonsa yake kusa da masallacin da aka yi wa fenti bara..."

"Me ta yi?"

"Ban zo nan ba tukuna. Wadda take da baƙi a kunne, wadda ta haifi biyu da damina..."

Kafin ya kai ga "tana cin kalwarki", akuya ta cinye, ta lashe tabarma, ta koma gida. Tabawa ta tsaya a kan tabarmar ta ce, "Ka gan ta tana ci, me ya hana ka kore ta?"

"Malam bai ce a kore ta ba. Cewa ya yi a bayyana ta."

Wata rana Malam ya ce, "Akwai jimlar da Bature ke yi a kan abin da bai faru ba, kuma lokacinsa ya wuce. Da na yi kaza, da kaza ya faru. Ita ta fi kayar da mutane a jarrabawa. Ku fara sabawa da ita da Hausa. Kowa ya yi guda goma a gida, da wanda ya fi kusa da shi." Nomau ya duba, babu wanda ya fi Tabawa kusa. Tana kwasar tuwo ya zauna a gefenta ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Da kin sa gishiri daidai jiya, da miyar ta yi daɗi."

Ta ci gaba da kwasa. Ya ɗaga na biyu.

"Da ban aure ki ba, da yanzu ina Legas ina tuƙa babbar mota."

Ya ɗaga na uku.

"Da Lantana da na fara nema ta amince da ni, da ban san hanyar gidanku ba."

Tabawa ta ajiye mara a bakin tukunya ta ce, "Ci gaba, ina jin ka."

"Saura bakwai," in ji Nomau, ya kuwa yi su. Da ya zo ta goma zance ya ƙare masa, sai ya waiga ya ga mahaifiyarsa. Ya ce, "Da Iya ta rasu a ciwon bara, da ɗakinta ya zama na ajiyar kalwa." Iya Yalwa, da sai an yi mata magana sau uku take ji, wannan a karo ɗaya ta ji.

Gari na wayewa Tabawa ta ɗaure kayanta ta tafi gidan ubanta a ƙauyen gaba. Iya ta daina amsa gaisuwarsa. Nomau ya tafi biko, surukinsa ya tambaye shi me ya ce mata, sai ya jero masa duka goman a jere, tunda an tambaya. Surukin ya ce ya tashi ya ba shi wuri. Dole Malam Haladu ya hau bayan keken Nomau suka koma tare, ya zauna ya yi wa tsohon bayanin darasi daga farko. Tabawa tana bayan labule tana ji. Da ya gama ta ce, "Malam, ita Lantanar ma a allo ka rubuta masa?"

Kafin Malam ya amsa, Nomau ya ce, "Ai Malam cewa ya yi abin da bai faru ba. Abin da ya faru shi ne ke na aura, shekara ashirin da biyu ke nan, kuma ban taɓa cin tuwon wani gida na ƙoshi ba." Ya faɗe shi kamar mai karanta adireshi. Tabawa ta dawo ranar Alhamis. Iya kuwa sai da ya sayo mata goro sau biyu sannan ta fara amsa masa da kai.

Wata rana aka koyi yadda ake kai maganar wani. Malam ya ce, "A Turanci in za ka faɗi abin da wani ya ce, sai ka ja lokacin maganar baya taki ɗaya. 'Yana' ya koma 'a da yana'." Washegari aka kawo wani tsohon manomi, Baba Cindo, ɗakin shan magani, zazzaɓi ya kayar da shi. Jami'in lafiya Isiyaku, wanda duk garin ke kira Likita, ya sa masa ruwa. Kafin azahar tsoho ya farfaɗo har ya nemi kunu. Likita ya ce, "Nomau, je ka gaya wa iyalinsa yana da rai, yana magana, yana shan kunu." Nomau ya hau keke, ya yi sallama a ƙofar gidan, babban ɗan tsohon ya fito.

"Likita ya ce a da Baba yana da rai. A da yana magana. A da yana shan kunu."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ba ta cikin saƙon."

Ɗan ya dafe bango, ya shiga gida, kuka ya tashi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka aika wa liman, aka tura mutane maƙabarta da diga da shebur. Da la'asar Likita ya sallami Baba Cindo, ɗan acaɓa ya kawo shi gida. Ya sauka ya ga taro a ƙofarsa, ya dafa kafaɗar wani ya ce, "Wa ya rasu?" Mutumin ya waiga, ya dube shi, ya tafi ya bar takalmansa. Da abin ya lafa, Baba Cindo ya zauna a tabarmar ta'aziyyarsa ya dubi waɗanda suka zo, ya lura da waɗanda ba su zo ba, kuma bai manta ba har yau. Likita ya kira Nomau ya ce, "Saura ƙiris in rubuta takardar korarka da hannuna, ba sai an jira jarrabawa ba. Daga yau ba kai ba saƙon baki. Abin da ba ya magana kawai za ka riƙa ɗauka."

Wata rana, saura mako biyu jarrabawa, Malam ya koyar da jimlar da ke ɓoye mai aiki. Ya ce, "An fasa tulu. An cinye tuwo. Tulu ya fashe, tuwo ya ƙare, amma ba ka ga hannun kowa ba. Turancin ofis ya fi son irin wannan. Duk inda kuka ci karo da ita, kada ku bar ta ta wuce. Ku tambaye ta da Turanci: bai hum? Ma'ana, wa ya yi?" Malam a takardar jarrabawa yake nufi, amma bai faɗa ba.

Kwana biyu bayan haka Daraktan Lafiya na ƙaramar hukuma ya kawo ziyara. Dalili kuwa, damina biyu ke nan da iska ta yaye rufin ɗakin haihuwa. Mata suna haihuwa a baranda, an kare su da zani. In hadari ya taso, sai a sa mace a amalanke a nufi garin gaba da ita. Aka kafa rumfa, Dagaci ya zo da dattawa, mata suka zauna a gefe guda, Malam Haladu yana kusa da Dagaci don ya riƙa fassara masa. Sandar makirufo ta karye, sai Likita ya ce Nomau ya riƙe shi a bakin Darakta, tunda riƙo ne kawai.

Darakta ya buɗe takarda ya fara karanta jawabi da Turanci. Jimlar farko ma'anarta ita ce an lura da matsalar rufin nan. Nomau ya jawo makirufo zuwa bakinsa ya ce, "Bai hum?" ya mayar. Lasifika ta kai maganar har kasuwa. Darakta ya dube shi, ya ci gaba. Ya ce an amince da gyara tun bara.

"Bai hum?"

Likita ya yi ta ƙifta masa ido. Nomau ya ɗauka ƙwaro ne ya faɗa masa a ido. Darakta ya ƙara murya ya ce an kawo kwanon rufi bandir shida, an kuma karɓa.

"Bai hum?"

Dagaci ya karkata wajen Malam Haladu ya ce, "Me masinjan nan yake ta faɗa ne?"

"Ranka ya daɗe, Darakta ya ce an kawo kwano an karɓa. Shi kuma yana tambaya wa ya kawo, wa ya karɓa."

Dagaci ya gyara zama ya ce, "To ai sai a amsa masa. Mu ma muna so mu ji, don ko ƙusa ba mu gani ba."

Darakta ya waiga wajen jami'in ayyukan da ya zo da shi, wani mai riƙe da fayil. Jami'in ya yi ta buɗe shafi yana lasar yatsa. Can ya ce, da Turanci shi ma, an sa hannu a takardar karɓa. Kafin Nomau ya buɗe baki, wata tsohuwar ungozoma daga cikin mata ta ce, "Bai hum?" Sauran matan suka ɗauka, ba da ƙarfi ba, ɗaya bayan ɗaya. Darakta ya miƙa hannu ya karɓi fayil ɗin da kansa. Ya duba sa hannun, ya dubi jami'in, ya sake duba sa hannun. Shi dai abin da aka rubuta masa ya zo yana karantawa, bai san kwanon ya tafi rufe ɗakin kajin jami'in ba sai daga baya. Ya ninke takardar jawabi ya sa a aljihu, ya koma Hausa.

"Ni da kaina zan kawo kwano ranar Litinin. Ni zan tsaya a buga shi."

Nomau ya riƙe makirufo bai ce komai ba. Da taro ya watse Likita ya ce masa, "Ya aka yi ka yi shiru a jimlar ƙarshe?"

"Wannan da mai ita ta zo."

Ranar Litinin kwano ya iso, Darakta ya zauna a gindin darbejiya har kafintoci suka buga ƙusar ƙarshe. Ruwan farko na shekarar a kan sabon rufi ya sauka, a ƙarƙashinsa ungozoma tana karɓar haihuwa.

Ana jibi jarrabawa sai wasiƙa ta zo da sunan Nomau. Ya kai ta gida ya zauna ya karanta da yatsa a kan layi. Ta ce an yafe masa jarrabawa, an tabbatar da shi a aikinsa. Wasu sun ce Darakta ne ya ce wanda ya iya wannan tambaya ya gama karatu. Wasu kuma sun ce a duk sakatariya an rasa wanda zai yarda ya tsare ɗakin jarrabawar da Nomau yake ciki. Tabawa ta fara hamdala, Iya ta ce a maimaita mata, aka maimaita. Shi kuwa Nomau ya ƙura wa takarda ido.

"An yafe. An tabbatar. Ba a faɗi wa ya yi ba. Bari in je sakatariya in tambaya."

Ya shiga ɗaki ya sa hula da takalmi. Tabawa ta leƙa zaure ta dawo. Da ya fito ya kama keke, sai ya ga tayoyin biyu duk a kwance.

"Tabawa, me ya sami keken?"

"An sace iskar."

Nomau ya buɗe baki zai yi tambaya.

Ta ce, "Ni ce. Zauna ka ci tuwo."